Daga Littafi Zuwa Majigi: Tarken King's Ransom na Ed McBain da Fim Ɗin Akira Kurosawa

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka juya ƙagaggen labari zuwa fim, ma'aunin da masu kallo da manazarta suka fi saurin ɗauka shi ne na riƙon amana, watau a dubi abin da mai fim ya bari yadda yake, da abin da ya zubar, da abin da ya ƙara daga kansa, sa'an nan a yanke masa hukunci gwargwadon kusancinsa da littafin. Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce ga manazartan adabin Hausa, domin akwai dalilin yin ta tun shekarar 1976 da Adamu Halilu ya fitar da fim ɗin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sai dai ma'aunin riƙon amana yana da iyaka, kuma babu inda iyakar tasa ta fi fitowa fili kamar a labaran aikata laifi da binciken 'yan sanda, inda canja abu ɗaya tak a zubin labari kan juya jigon gaba ɗaya.

Wannan maƙala za ta kwatanta littafin King's Ransom na marubucin Amurka Ed McBain, wanda aka buga a 1959, da fim ɗin da Akira Kurosawa na ƙasar Japan ya gina a kansa a 1963, mai suna Tengoku to Jigoku, ma'ana Aljanna da Wuta, wanda aka fi sani a ƙasashen Turai da sunan High and Low. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, Kurosawa ya ɗauki tambayar da McBain ya yi, ya ba ta amsar da ta saɓa wa ta littafin, kuma wannan amsa ce ta tilasta masa yin wata tambaya ta biyu wadda littafin bai taɓo ba ko kaɗan.

2.0 Marubucin da Mai Fim

Ed McBain sunan alƙalami ne na Evan Hunter, wanda aka haifa a birnin Niyok a 1926, ya rasu a 2005. Da wannan suna ya rubuta jerin littattafai sama da 50 a kan wani ofishin 'yan sanda mai lamba 87, a wani ƙagaggen birni da ya yi kama da Niyok. Ya fara jerin a 1956. Abin da ya bambanta littattafan da na magabatansa shi ne, babu wani gwani guda mai warware asiri da kaifin basirarsa shi kaɗai. Ƙungiyar jami'ai ce take aiki, kowa da ɗan abin da yake kawowa, ko da yake jami'i Steve Carella ya fi fitowa.

Shi kuwa Kurosawa, wanda ya rayu daga 1910 zuwa 1998, ya riga ya saba da ɗauko labaran wasu ƙasashe yana dasa su a Japan. A 1951 ya juya wani littafin Dostoyevsky zuwa fim, a 1957 kuma ya yi haka da wasan Macbeth na Shakespeare da wani wasan Gorky. Ke nan King's Ransom shi ne mafi ƙanƙantar daraja a idon masana cikin abubuwan da ya aro, don kuwa littafi ne na kasuwa, irin wanda ake saye a tasha a karanta a cikin tafiya. Duk da haka, a cikinsa ya sami ƙwayar da ya shuka.

3.0 Tushen da Suka Yi Tarayya a Kai

Labarin ya fara iri ɗaya a wuraren biyu. Wani babban jami'in kamfanin takalma yana cikin rigima da abokan aikinsa, waɗanda suke son a riƙa yin takalma masu araha marasa ƙwari don a ci riba da sauri, shi kuwa ya ƙi. A ɓoye ya tattara duk abin da ya mallaka don ya sayi hannun jarin da zai ba shi ikon kamfanin. Ana cikin haka sai aka bugo waya aka ce an sace ɗansa, a kawo kuɗin fansa. Kafin a jima sai ga ɗan nasa ya shigo lafiya lau. Ashe ɗan direbansa aka ɗauka bisa kuskure, domin yaran biyu suna wasa tare. Da ɓarayin suka gane kuskurensu ba su janye ba, suka ce ko ɗan wane ne, shi mai gidan zai biya.

A littafin sunan mutumin Douglas King, kamfanin kuma Granger, fansar dala 500,000. Sunan littafin kansa wasa ne da harshe, domin a Ingilishi fansar sarki na nufin dukiya mai ɗimbin yawa, ga shi kuma sunan tauraron yana nufin sarki. A fim ɗin sunansa Kingo Gondo, wanda Toshiro Mifune ya fito a matsayinsa, yana zaune a birnin Yokohama. Ya jinginar da gidansa da duk kadarorinsa ya haɗa yen miliyan 50, ɓarawon kuma ya nemi miliyan 30.

Ƙarfin wannan tushe yana cikin yadda ya tona asirin zuciya. Mutumin da ya ce a kawo kuɗi nan take sa'ad da yake zaton ɗansa ne, shi ne bayan 'yan mintoci ya ce a kira 'yan sanda da ya ji ɗan direba ne. Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne. Labarin ya ɗauki wannan magana ya sa mata farashi, ya tambayi mai faɗar ta ko zai biya.

4.0 Inda Hanya ta Rabu

4.1 Amsar Littafin

Douglas King ya ƙi biya, kuma bai sake shawara ba har ƙarshe. Direbansa Charles Reynolds ya roƙe shi, matarsa Diane ta yi masa faɗa har ta bar gidan, jami'i Carella ya nuna masa ƙyama, amma ya tsaya a kan cewa kamfanin shi ne rayuwarsa, kuma ba shi ya saci yaron ba balle a ɗora masa alhakin ransa. McBain bai mai da shi dodo ba. Ya ba shi hujjoji masu nauyi, har mai karatu kan tsaya ya tambayi kansa abin da zai yi in shi ne.

Matsalar tana wajen warwarar labarin. King ya yarda ya fita da kansa a mota tare da Carella, ɗauke da ƙunshin da babu kuɗin gaske a ciki, ɓarayin suna ba shi umarni ta wayar motarsa. A ƙarshe shi ne ya bi jagoran ɓarayin, Sy Barnard, ya kama shi da hannunsa, yaron kuma ya tsira. Ke nan King bai ba da ko anini ba, amma an ba shi damar wanke kansa da jarunta. Marubucin ya ɗaura ƙulli mai tsauri a rabin farko na littafin, sa'an nan ya yanke shi da wuƙa maimakon ya kwance. Tambayar ɗabi'a da aka gina ta koma tseren mota da dambe, mai karatu kuma bai taɓa ganin abin da ƙin biyan zai iya haifarwa ba.

4.2 Amsar Fim Ɗin

Gondo ma ya fara da ƙi. Kusan awa guda ta farko ta fim ɗin, wanda tsawonsa minti 143 ne, an yi ta a cikin falon gidansa, an ja labule don ɓarawon yana hango su daga ƙasa. Kurosawa ya tsara wannan kashi kamar wasan kwaikwayo a dandamali. Ya yi amfani da faɗin allon majigi ya jera mutanen yadda tsayuwar kowa ke bayyana matsayinsa: Gondo a tsakiya yana kai da kawowa, matarsa Reiko tana binsa da roƙo, 'yan sanda sun sunkuyar da kai don kunyar jin rigimar miji da mata, direba Aoki kuwa yana can gefen allo a takure, shi da aka sace wa ɗa amma ba shi da bakin magana. Abin da McBain ya buƙaci shafuka ya bayyana game da tazarar mai gida da bara, a nan ido yana ganinsa a tsayuwa ɗaya.

Da gari ya waye, bayan mataimakinsa Kawanishi ya ci amanarsa ya koma wajen abokan hamayya, Gondo ya buga wa banki waya ya ce a shirya kuɗin. Ba a sa masa wani dogon jawabi a baki ba. Abin da aka nuna shi ne, ya ɗauko tsofaffin kayan aikinsa na dukanci, waɗanda ya fara sana'a da su tun yana yaro, ya zauna a ƙasa yana ɗinke wasu ƙunsoshin sinadari a cikin jakunkunan kuɗin don taimakon 'yan sanda. Attajirin ya koma baduku tun kafin kuɗin su bar hannunsa, 'yan sandan da suke kallonsa da raini kuma suka fara ganin girmansa.

Miƙa fansar ma an sake ta gaba ɗaya. An umarci Gondo ya shiga jirgin ƙasa mai gudu da ake kira Kodama, da jakunkuna biyu waɗanda kaurinsu bai wuce santimita 7 ba. Sai cikin tafiya aka gane dalili: tagogin jirgin a rufe suke, in ban da ta makewayi wadda ke buɗewa daidai wannan gwargwado. Aka nuna masa yaron a bakin gadar kogin Sakawa, ya tura jakunkunan waje, 'yan sanda suna ciki ba su da ikon tsayar da jirgin. Bayan awa guda ta zama a ɗaki ɗaya, waɗannan 'yan mintoci na gudu da girgiza suna faɗo wa mai kallo kamar an ɓalle ƙofa. An sami yaron da rai, Gondo kuma ya rasa kamfani, masu bin sa bashi suka sa kayan gidansa a gwanjo.

5.0 Tambaya ta Biyu

Da yake littafin ya ƙare da kama ɓarawo a wurin karɓar fansa, ba shi da buƙatar wani dogon bincike. Amma tun da Gondo ya biya, ɓarawon ya tafi da kuɗi, sai fim ɗin ya sami fiye da rabinsa a buɗe, kuma duk abin da ke cikin wannan rabi ƙirƙirar Kurosawa ce da abokan rubutunsa uku, Hideo Oguni da Ryuzo Kikushima da Eijiro Hisaita.

Abin lura a nan shi ne, a wannan kashi da ba ya cikin littafin ne fim ɗin ya fi kama da McBain. Sufeto Tokura, wanda Tatsuya Nakadai ya fito a matsayinsa, yana tara jami'ansa a ɗaki mai zafi, kowace ƙungiya tana tashi tana ba da rahoto: rumfunan waya da ake hango gidan Gondo daga cikinsu, motar da aka sata, maganin sa barci da aka shaƙa wa yaron, ƙarar wani ƙaramin jirgin lantarki da aka ji a bayan muryar ɓarawon, da zanen teku da dutsen Fuji da yaron ya yi. Wannan shi ne ainihin salon jerin littattafan ofishi na 87, watau aikin gayya da haƙuri. Kurosawa ya saɓa wa littafi guda, amma ya riƙe amanar hanyar marubucin.

Binciken yana da wani aiki bayan neman mai laifi. Yana saukar da mai kallo daga kan tudu zuwa cikin gari, mataki bayan mataki. Farkon ganin ɓarawon ma ta cikin ruwan wata ƙazamar kwata ne, inda hoton gidan Gondo yake kwance a kife. Jami'an da kansu, da suka ɗaga kai daga unguwar talakawa suka dubi gidan, sun yarda cewa yana da ban haushi, kamar yana yi wa na ƙasa kallon raini. Daga nan aka bi ta asibiti, da wurin ƙona shara inda hayaƙin jakunkunan ya tashi ja-ja, launi ɗaya tilo a fim ɗin da aka yi da baƙi da fari, har zuwa gidajen rawa da lungun mashaya ƙwaya. Sunan fim ɗin taswira ce ta birnin: aljanna a sama, wuta a ƙasa, kuma na cikin wutar suna ganin aljannar kullum.

A littafin ɓarayin uku ne, Sy Barnard da Eddie Folsom da matarsa Kathy, kuma kuɗi kawai suke nema. Da wani attajirin suka samu da shi za su kama. A fim ɗin mutum ɗaya ne, Ginjiro Takeuchi, matashin likita mai koyon aiki, wanda ke zaune a wani ƙuntataccen ɗaki yana kallon gidan Gondo ta tagarsa har kallon ya zama ƙiyayya. Saboda haka kuskuren ɗaukar ɗan direba bai dame shi ba, don burinsa ya ga na sama ya faɗo. Ta haka laifin ya tashi daga kwaɗayin wasu 'yan tsiraru ya koma ciwon da tsarin birnin ya haifar, a daidai lokacin da tattalin arzikin Japan yake bunƙasa da sauri bayan yaƙi.

6.0 Inda Littafin ya Fi

Ba daidai ba ne a ɗauka fim ɗin ya rinjayi littafin ta kowace fuska. McBain ya raba labarinsa tsakanin gidan King da gidan gonar da aka ɓoye yaron, ya bar mai karatu ya zauna da ɓarayin ya ji tsoronsu da gardamarsu. Kathy, wadda ba da son ranta aka shiga aikin ba, ita ce ke kula da yaron, kuma tausayinta ne ya rushe shirin. Akwai ma'ana mai zurfi a nan: matar ɓarawo ta yi wa ɗan wani abin da attajiri ya kasa yi. Kurosawa ya zubar da wannan duka. Mataimakan Takeuchi mashaya ne biyu, mace da namiji, da ba a ji muryarsu ba, sai gawarsu aka gani bayan ya kashe su da tsantsar hiroyin. Shi kansa Takeuchi an ɓoye shi a bayan baƙin tabarau, ana kallonsa daga nesa kamar dabbar da ake farauta. Fim ɗin da ya ce zai sauka wajen na ƙasa ya nuna wurin zamansu, amma bai ba su baki ba.

Akwai kuma wani aibi da ya fi wannan nauyi. Da 'yan sanda suka gane Takeuchi, Tokura ya ƙi kama shi nan take, don hukuncin satar yaro ɗauri ne kawai, shi kuwa yana son hukuncin kisa. Sai suka ɓoye mutuwar mashayan, suka sa ya yi zaton suna da rai, don ya sake yunƙurin kashe su a kama shi dumu-dumu. A cikin wannan tarko ne Takeuchi ya gwada ƙwayar a kan wata mace mashayiya ta mutu, jami'ai suna biye da shi. Fim ɗin ya wuce wannan mutuwa da sauri, bai tuhumi jami'an ba. An kashe yen miliyan 30 da awa guda ta muhawara a kan ran ɗan direba, amma ran wannan mace bai sami ko fitowa ɗaya ta nadama ba. Ko da gangan Kurosawa ya bar wannan giɓi don mai kallo ya gani, ko kuwa shi ma girmama 'yan sandan ya rufe masa ido, fim ɗin bai ba da hujjar da za a yanke hukunci da ita ba, kuma wannan rauni ne a aikin da jigonsa shi ne darajar ran talaka.

7.0 Fitowar Ƙarshe

Littafin ya rufe da komawar al'amura yadda suke. Fim ɗin ya rufe a kurkuku, inda Takeuchi, bayan an yanke masa hukuncin kisa, ya nemi ganin Gondo, wanda a lokacin ya koma aiki a wani ƙaramin kamfanin takalma. Suna zaune fuska da fuska, gilashi da waya a tsakaninsu, hoton fuskar kowane yana faɗawa a kan ta ɗayan. Gondo ya tambayi dalilin da zai sa su ƙi juna. Takeuchi ya yi maganar ɗakinsa mai sanyi da hunturu, mai zafi da bazara, da gidan da yake gani a sama, ya yi ƙoƙarin nuna ba ya tsoron mutuwa, amma jikinsa yana rawa, har ya fashe da ihu aka janye shi. Aka sauke ƙofar ƙarfe, aka bar Gondo shi kaɗai yana fuskantar ta.

Mai kallo ya san abin da Takeuchi bai sani ba, cewa mutumin da ya tsana daga ƙasa ya taso, da allura da fata. Amma saninsa ba zai canja kome ba, domin ba Gondo ya tsana ba, tudun ya tsana. An kama mai laifi, an dawo da mafi yawan kuɗin bayan sun daina amfani, tudu da kwari kuma suna nan yadda suke.

8.0 Kammalawa

Fim ɗin ya fito a watan Maris na 1963, a cikin watan da aka sace wani yaro ɗan shekara 4 a Tokiyo don neman fansa aka kashe shi, abin da ya girgiza ƙasar. A 1964 aka gyara dokar laifuffuka ta Japan, aka ware satar mutum don neman fansa a matsayin laifi na musamman, mai hukuncin ɗauri daga shekara 3 har zuwa rai da rai. A 2025 kuma Spike Lee ya mai da labarin Niyok a fim ɗinsa Highest 2 Lowest, inda Denzel Washington ya fito a matsayin attajirin harkar waƙa. Wannan ya nuna cewa tushen da McBain ya samo yana iya tsira a ƙasa dabam-dabam.

Abin da kwatancin ya fito da shi ga mai nazari shi ne, lissafa abubuwan da aka bari da waɗanda aka canja ba ya isa tarke. Kurosawa ya riƙe kamfanin takalma, da direba, da mataimaki maci amana, har da inuwar sunan King a cikin Kingo, amma ya juya shawara ɗaya, kuma daga wannan shawara ce sabon zubi da sabon mai laifi da sabon jigo suka fito. Saboda haka ya kamata mai tarken fim ɗin da aka ɗauko daga littafi ya fara da gano tambayar da littafin ya yi, sa'an nan ya duba ko mai fim ya amsa ta, ko ya kauce mata, ko ya ƙara mata wata. Bisa wannan ma'auni, littafin ya fi adalci ga masu laifi, fim ɗin kuma ya fi gaskiya game da abin da yin daidai yake ci wa mai yin sa, ko da yake ya bar bashin ran macen nan ba a biya ba.